Motocin Ziyara na Misfala: Hanya Lafiya, Labarin Annabi Adamu Sai an Tace

Duk wanda ya taɓa sauka a Misfala ko kan titin Ibrahim Khalil ya san su, direbobin nan da ke tsayawa bakin otal bayan sallar Asuba suna kiran "ziyara, ziyara". Da yawansu Hausawa ne haifaffun Makka, wasu kuma suna tafe da jagora mai jin Hausa. Motocin galibi Hiace ne ko GMC, ayari babba kuma a ɗauko musu Kosta. Hanyar kusan ɗaya ce: gindin Dutsen Saur, Arfa, Muzdalifa, Mina, a ƙare da Dutsen Nur. Awa uku zuwa huɗu ta isa.

Ta fuskar sufuri ba su da wani babban aibi. Sun san gari, akwai sanyi a motocin, kuma dattijon da ba ya jin Larabci yana samun mai yi masa bayani da harshensa. Rigima a wajen ciniki take tasowa. Tun kafin a shiga a rabe, kuɗin mota ne ko kuɗin kai, kuma minti nawa za a tsaya a Arfa. Direban da ke son yin sawu biyu kafin Azahar zai yi ta danna hon alhali tsofaffi ba su gama saukowa ba. A fita da sassafe, a riƙe ruwa da laima, don dutsen Arfa, Jabalur Rahma, ba shi da inuwa.

A Arfa ne, kimanin kilomita 20 daga Harami, aikin jagora ke fitowa fili. Da an tsaya gindin Jabalur Rahma sai ka ji: "Alhaji, Hajiya, ga inda Annabi Adamu ya haɗu da Nana Hauwa'u, shi ya sa ake ce masa Arfa, don nan suka gane juna." A ƙara da cewa shi an saukar da shi a Indiya, ita a Jidda. Wannan zance yana cikin littattafan tarihi irin na Ɗabari, amma ba aya ba ce, ba kuma ingantaccen hadisi ba. Illar faɗinsa ba tare da wannan bayani ba tana nan a jikin farin ginshiƙin da ke saman dutsen: sunayen ma'aurata da na masu neman aure an zana su ko'ina, ana shafawa ana kai hannu fuska, ga allunan hukuma suna hani. Annabi (SAW) bai hau dutsen ba. A wajen duwatsun gindinsa ya tsaya, ya ce Arfa dukkanta wurin tsayuwa ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Abin takaicin shi ne, abin da ya tabbata kan Annabi Adamu (AS) ya fi wannan labari daɗin ji, kuma ya ishi tafiyar cika. An ambaci sunansa sau 25 a Alƙur'ani. Ƙissarsa tana cikin Baƙara aya ta 30 zuwa 39, da A'araf 11 zuwa 25, da Ɗaha 115 zuwa 123. Kalmomin tubarsa, "Rabbana zalamna anfusana", suna A'araf aya ta 23, kuma da jagora zai biya wa fasinjojinsa ita su haddace kafin a kai Muzdalifa, da sun koma gida da guzuri. Hadisin Muslim ya nuna ranar Juma'a aka halicce shi, a ranar aka shigar da shi Aljanna, a ranar aka fitar da shi. Har ma akwai ruwayar da ta shafi yankin kai tsaye: a Musnad na Imam Ahmad, daga Ibn Abbas, cewa a Na'aman, wato Arfa, aka ɗauki alkawarin "Alastu bi Rabbikum" (Ashe ba Ni ne Ubangijinku ba?) daga zuriyar Adamu. Malamai sun yi saɓani ko maganar Annabi ce ko ta Ibn Abbas, Ibn Kasir ya fi karkata ga na biyu, amma aƙalla tana da isnadi, wato jerin maruwaita, da za a duba.

Tambaya ɗaya takan nuna jagoran da ya yi karatu: waye Annabin farko, waye Manzon farko? Mai sani zai ce Adamu ne farkon annabawa, Annabi ne da Allah Ya yi magana da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Zarri. Nuhu kuwa, a hadisin ceto na Bukhari da Muslim, shi mutane za su kira farkon manzanni zuwa ga mutanen ƙasa, domin a zamaninsa shirka ta fara bayyana bayan ƙarni goma a kan tauhidi, a faɗar Ibn Abbas. Wanda ya cakuɗa su, to direba ne nagari kawai, a bar shi da sitiyarinsa.

Wasu kan tallata ƙarin tafiya Jidda "ganin kabarin Nana Hauwa'u". Maƙabartar tana nan kusa da tsohon gari, Balad, amma doguwar kushewar da ake dangantawa da ita an baje ta tun shekarun 1920, kuma babu dalilin da ya tabbatar can aka binne ta. Katanga da ƙofa za a gani, mata kuma ba a barinsu shiga. Mai son zuwa Jidda don kasuwa ko ganin tsofaffin gidajen Balad, jirgin ƙasan Haramaini ya fi masa sauri, ya ajiye kuɗin shatar mota.