Canon EOS 2000D a Hannun Mai Koyon Ɗaukar Hoto

Shekara guda ke nan da na sayi kyamarata ta farko, Canon EOS 2000D, wadda ta fito a 2018, kuma ake sayar da ita a Amurka da sunan Rebel T7. Na same ta da gilashin (wato lens) da ake haɗo ta da shi a kwali, mai milimita 18 zuwa 55, bayan wata huɗu na ƙara da na milimita 50. A tsawon wannan lokaci na gamsu cewa mai koyo ya fi buƙatar ya tsaya ya yi nazarin gilashin da zai ɗaura fiye da ita kyamarar kanta.

Kyamarar ba ta da nauyi, domin jikinta bai cika rabin kilo ba, kuma tana ɗaukar hoto mai megafiksel 24 a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, wadda ta ninka ta wayar hannu girma sau da yawa. Batirinta yakan kai hoto kusan 500 idan ana leƙawa ta ƙaramar tagar ido maimakon allo, sannan tana tura hoto zuwa waya ta Wi-Fi, abin da ke da amfani ƙwarai a wurin biki, inda 'yan'uwan amarya ke son ganin hotunansu nan take. Sai dai mai saye ya san iyakarta tun kafin ya biya kuɗi: hoto uku kawai take ɗauka a daƙiƙa, wuraren saita kaifin hoto tara ne, allonta ba ya juyawa, kuma babu wurin soka makirufo. Na je da ita Hawan Daushe, na samu kyawawan hotunan mahaya a tsaye cikin rawuna da alkyabba, amma da dawakai suka yi sukuwa a lokacin jahi, na fahimci cewa wannan aikin na kyamarar da ta fi ta sauri ne.

Gilashin kwali ya wadatar a hasken rana, kuma a milimita 18 yana ɗaukar dangi gaba ɗaya ranar suna ba tare da an matse kowa ba. Rauninsa yana bayyana ne a cikin ɗaki, saboda ƙofar haskensa tana tsukewa daga f/3.5 zuwa f/5.6 (idan lambar ta ƙaru, ƙofar ta ragu) yayin da aka janyo abu kusa, sai dole a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensar, zuwa 3200 ko 6400, hoton ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi.

Wanda ya sauya mini aiki shi ne gilashin milimita 50 ɗin, EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015, kuma yana cikin mafi araha a gilasan kamfanin. Idan aka buɗe shi a f/1.8, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wanda gilashin kwali ke shigarwa a f/5.6. Hoton da na fara alfahari da shi na wani dattijo ne mai ɗinkin hula a zaurenmu da la'asar sakaliya, babu wata fitila sai hasken da ke shigowa ta ƙofa. Allurar da ke hannunsa da zaren da ya ja sun fito tar, har da jijiyoyin bayan hannun, bangon ƙasar da ke bayansa kuwa ya narke ya zama launi kawai. Wannan gilashin ma yana da nasa sharaɗin, domin a wannan kyamarar yana janyo abu kusa kamar yadda gilashin milimita 80 ke yi a kyamara mai babbar sensa, don haka a ƙaramin ɗaki mutum zai ja baya har ya jingina da bango bai ɗauki mutum uku ba. Haka kuma wurin da ke fitowa da kaifi siriri ne ƙwarai, wanda bai saita a kan ido ba, zai tarar da hanci ya fito sarai, idanu sun dushe. Ni dai na fi barinsa a f/2.8 idan fuska nake ɗauka.

Mai gilashi biyu a ƙasarmu sai ya kiyayi ƙurar hunturu. Na taɓa sauya gilashi a fili cikin watan Janairu, daga nan baƙaƙen ɗigo suka riƙa fitowa a sararin samaniyar kowane hoto, sai da na hure sensar da 'yar robar hura iska. Yanzu a ɗaki nake sauyawa, bakin kyamarar yana kallon ƙasa.

Tun 2018 Canon ya karkata ga kyamarori marasa madubi a ciki, masu sabon bakin ɗaura gilashi da ake kira RF, irin su R50 da R100 da suka fito a 2023, amma gilasan EF, irin nawa na milimita 50, suna aiki a kansu ta hanyar mahaɗin EF-EOS R. Saboda haka ranar da na sayar da 2000D domin in sayi wadda za ta iya bin dawakin Daushe, gilashin milimita 50 ba ya cikin cinikin.