Injiniyan da ya sake rubuta mana firogiram ɗin injin jarka, lokacin da ya yanka da yadda ta kaya

Masu ƙananan masana'antu a Sharada, Bompai ko Challawa da injinsu ke aiki da PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa tafiyar inji, ga ra'ayina kan wani injiniya mai zaman kansa a nan Kano da ya yi mana aiki. Ba zan kama suna ba, amma zan faɗi na yabo da na ƙorafi duka.

Injinmu na hura jarka ne, ƙirar China, na hannu muka saya, ƙwaƙwalwarsa Mitsubishi FX2N-64MR. Shi wannan samfurin ɗan batir ne ke riƙe masa firogiram, in batirin ya mutu kuma inji a kashe to shi kenan komai ya goge, abin da ya same mu kenan. Kwafi babu, zanen wayoyi babu, wanda ya sayar mana ma cewa ya yi haka ya same shi.

Mutum na farko da muka kira ko fanel bai buɗe ba ya ce kwana 3 ya gama, wai ai duk injin jarka tafiyarsu ɗaya. Shi kuwa wannan ƙememe ya ƙi yanka lokaci a waya, har na soma jin haushi don oda na jiran mu diloli sai kira suke, ya ce sai ya ga inji da idonsa tukuna.

Da ya zo wuni ya yi a tsugune gaban fanel da mita a hannu. 64MR na da mashigar waya 32 da mafita 32, kuma namu kusan duk a cike suke, haka ya riƙa bin waya ɗaya bayan ɗaya yana manna mata tef yana rubuta inda ta nufa, wannan ta sensar rufe mol ce (mazubin da ke ba jarka siffarta), wannan ta bawul ɗin haidirolik, wannan ta ƙofar kariya. Sannan ya ja tsohon ofaretanmu gefe ya yi ta yi masa tambayoyi kamar alƙali, in mol ya rufe me ke biyo baya, wuƙa ce ke fara yanke robar ko allurar iska ce ke fara sauka, iska daƙiƙa nawa take hurawa, in wani ya buɗe ƙofa ana tsakiyar aiki inji tsayawa yake cak ko sai ya ƙarasa. Ashe rabin firogiram ɗin a kan bawan Allahn nan yake, shi ya gaya masa cewa in aka yi saurin buɗe mol kafin roba ta huce gindin jarkar lotsawa yake, kuma ta lita 25 ta fi ta lita 10 son a jira ta.

Bayan nan ne ya kawo lissafinsa a takarda, kuma nan ya burge ni gaskiya. Bai ba da rana ɗaya ba, cewa ya yi sati 3 zuwa 5, ya kuma rarraba: kusan sati guda na gano wayoyi da tsarin tafiyar inji, 'yan kwanaki na rubutu a kwamfuta, wasu na gyara allon taɓawa, sai gwaji a kan inji wanda ya ba shi ninkin lokacin rubutun. Ya ce rubuta zagayen otomatik shi ne mafi sauƙi, abin da ke cin lokaci shi ne tuƙin hannu da ƙararrawar matsala da makullan da ke hana mol rufewa hannun mutum na ciki. Ya kuma ba da shawarar mu bar FX2N tunda an daina ƙera shi tun 2012, mu koma FX5U da ba ya dogara da batir wajen riƙe firogiram, muka yarda.

To yadda ta kaya, sai dab da ƙarshen sati na 5 muka fitar da jarkar da za a iya kaiwa kasuwa. Wani jinkirin ba nasa ba ne, a wajen gwaji aka gano sensa biyu sun mutu, bawul ɗaya na maƙalewa, sannan makunnin ƙofar kariya wani can baya ya haɗe wayoyinsa don kar inji ya riƙa tsayawa. Injiniyan ya ce wallahi ba zai ci gaba ba sai an sa sabo, kuma ban ga laifinsa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne hita. Kowane gwaji sai an jira roba ta narke, awa biyu ko fiye kafin a taɓa komai, in an ɗauke wuta kuma a janareta za a yi, dizal ɗinmu ne ke ƙonewa ga robar da ake zubarwa buhu-buhu. Mutumin da ya ƙirga waya ɗaya-ɗaya ya kamata ya sa wannan a takardarsa tun farko mu san da shi, bai sa ba. Jiran sabon PLC daga Legas ma bai shiga lissafin ba, ya cinye mana kwanaki muna zaune. Ga shi da wuyar samu a waya, sai ka kira ka gaji ya turo saƙo da daddare.

Kuɗinsa ba araha, ya fi na mai kwana 3 nesa ba kusa ba. Amma da zai tafi ya bar mana firogiram ɗin a filash, kowane layi da bayaninsa, da zanen wayoyi a manne cikin murfin fanel, ko wani injiniyan muka kira gobe ba zai fara daga tushe ba. In za ku ba shi aiki ku tambaye shi awa nawa na gwaji yake buƙata inji na da zafi, ku yi lissafin dizal da kanku.

Saura abu ɗaya, yaranmu sun roƙa ya mayar da saƙonnin ƙararrawa na kan allo zuwa Hausa don na dare ba duka ke karanta Turanci ba, ya ce aikin awa ɗaya ne zai leƙo, har yau muna jiransa.