Mahaɗin fentin akirilik: wanne ya cancanci kuɗinka a zafin Damagaram?

Duk mai zanen da ya taɓa matsa fentin akirilik a faranti da rana tsaka a watan Afrilu, nan Damagaram, ya san halin da ake shiga. Kafin ka ɗauraye buroshi ka juyo, fentin ya yi fata. Sai a kai hannu ga ruwa, a ƙara, a ƙara, har launin ya koɗe, in ya bushe ka goga yatsa ka ga yana bin hannu kamar alli.

Akirilik garin launi ne da aka dama cikin wani ruwan roba mai kama da madara. Ruwan ya tashi, robar ta haɗe ta riƙe launin. In ruwa ya yi yawa, musamman a kan abin da ba ya tsotsa kamar ƙarfe, robar da ta rage ba ta isa riƙo. Abin da nake kira mahaɗi, wanda za ka ga an rubuta médium a jikin kwalbarsa, shi ne wannan ruwan robar zalla, babu launi. Yana tsinka fenti ba tare da ya raunana shi ba. Iri-irinsa sun yi yawa, kuma wanda yake aiken kaya daga Kano ko Yamai ba ya da kuɗin gwada kowanne.

In kwalba ɗaya kake iya saye, sayi mai sheƙi, wanda aka rubuta wa brillant. A jiƙe fari ne, in ya bushe sai ya koma garau kamar gilashi, launi ya fito da zurfinsa. Da shi ake shimfiɗa launi siriri bisa wani, irin wanda ake so a fuskar mutum ko a inuwar rawani. Yana manna takarda da ƙyalle a jikin zane, kuma ɗan fenti kaɗan sai ya yi maka nisa. Aibinsa a garinmu guda ne, amma babba: robar akirilik tana laushi da zafi. Na taɓa jingina zane biyu fuska da fuska a ɗaki mai rufin kwano, da na zo raba su sai da ɗaya ya tafi da fatar ɗaya. Ƙurar hunturu ma tana son irin wannan fuska.

Marar sheƙi, mai rubutun mat, an zuba masa wani gari mai kashe ƙyalli. Yana da kyau ga zanen da za a rataya kusa da taga ko a ɗauka hoto da waya, don haske ba ya dawowa ido. Sai dai in ka yi masa shafi uku ko huɗu, hazo yake sauka bisa launi, baƙi ya koma toka-toka. Ni nakan yi aikin duka da mai sheƙi, in bar marar sheƙi ga shafin ƙarshe. Wanda yake son tsaka-tsaki ya gauraya biyun, ba sai ya sayi na uku ba.

Na jinkirta bushewa, retardateur, shi ne kowa yake tambaya, kuma shi ne aka fi ɓata aiki da shi. Wannan babu roba a cikinsa ko kaɗan, aikinsa kawai ya hana ruwa saurin tashi. Kamfanin Golden yana cewa kada ya wuce kashi 15 cikin 100 na fentin. In ka zarce, zanen ya kwana yana danƙo, wani lokaci kwanaki, kuma duk abin da iska ta kwaso daga titi a kansa zai zauna. Ƙaramar kwalba ta ishe ka shekara, ɗigo-ɗigo ake sa shi. Kafin ma ka saya, gwada wannan: tire, tsumma mai laima a shimfiɗe, takardar gashin biredi a bisa, ka matsa fentinka a kai, ga ƴar kwalbar feshin ruwa a gefe. Rabin kukan da ake yi da zafi a nan yake ƙarewa. Akwai kuma mahaɗi mai sheƙi da aka riga aka sa wa na jinkiri daidai gwargwado, ana rubuta masa glacis. Ga sabon hannu ya fi aminci.

Jel robar nan ce dai, amma da kauri kamar man kaɗe. Yana riƙe sawun buroshi da na wuƙa, ya bushe garau. Kullun tudu kuwa, pâte de modelage, an cuɗa shi da garin dutse, fari yake bushewa, da tauri, har ana iya goge shi ko a sassaƙa. Wanda yake son kwaikwayon zanen tudu na bangon gidajen unguwannin Birni da Zango na Damagaram, shi ne abokin aikinsa, amma a kan katako, kuma a hawa-hawa, don in an labta shi da kauri lokaci guda ko aka shafa shi a ƙyalle aka naɗe, tsagewa yake. Tsakanin biyun jel ya fi yawan amfani. Ana ma sayar da jel mai yashi a ciki. A biya kuɗin jirgi a kawo yashi Damagaram! Tankaɗe naka, ka wanke, ka shanya, ka zuba a jel.

Masu zane a riga, da masu ƙawata jaka da fata irin ta dukawa, su nemi mahaɗin tufa. Yana hana fenti sandarewa, kuma yawancinsa sai an bi da guga bayan ya bushe kafin ya jure wanki.

Farin gam na kafintoci fa? Ga ɗalibi mai koyo a kwali, babu laifi. Ga aikin da za ka karɓi kuɗin mutum, a'a: yana laushi in ya sha laimar damina, kuma ba ya da juriyar akirilik. Ƙaro ma haka, na fentin ruwa ne da tawada, ko bayan shekara ruwa ya taɓa shi narkewa yake.

Game da suna, Liquitex na Amurka, da suka fito da akirilik na ruwa a tsakiyar shekarun 1950, da Golden, su ne na sama a inganci da tsada. Pébéo da Lefranc Bourgeois na Faransa, da Amsterdam na Holan, sun wadatar ga yawancin aikinmu. Mahaɗin wannan kamfani yana shiga fentin wancan, muddin duka akirilik ne. Da fentin mai ne ba su haɗuwa, kuma akirilik bisa fentin mai ɓarewa yake.

Kano wajen kilomita 240 take, Yamai kusan 900, don haka mayar da kaya ba wasa ba ne. Wanda ka aika, ka ce masa ya buɗe murfi a gaban mai kanti. Ɗan warin da ke harbin hanci ba komai ba ne. Amma in ya ga guda-guda kamar nonon da ya tsinke, ko ya ji tsami, ko kwalbar ta daɗe a rana bakin kanti, kada ya saye ta. Ya tura maka hoton rubutun jikinta ta WhatsApp kafin ya biya, kuma a mota kada a ɗora ta a bisa rufi.