Shagon kwamfutar da ke taya 'yan jarida neman horo a ƙasashen waje: abin da na gani

A wajen Ƙofar Kaura akwai wani shagon kwamfuta da 'yan jaridar Katsina suka mayar wurin zuwa idan lokacin neman tallafin karatu ya yi. Daga waje ba shi da bambanci da sauran: hoton fasfo, fotokwafi, rajistar JAMB. Mai shagon ne ya ƙara wani aiki, wato bin diddigin guraben horo da ake biya wa 'yan jaridar Afirka, da taya mutum cike takardun. Ni ma'aikaciyar rediyo ce, rahotannina da Hausa nake yi, kuma na yi aiki da shi a kakar neman Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, da ta wuce. A ganina wurin ya cancanci kuɗinsa, amma akwai abu ɗaya da ba zan yarda kowa ya saya a can ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne allon da ya kafa a bango, inda yake rubuta kowace dama da ranar rufewarta da sharuɗɗanta. Kafin ka zauna zai tambaye ka shekarunka da tsawon aikinka, ya ce maka wannan taka ce, waccan kada ka ɓata lokaci. Da na nuna sha'awar shirin Dag Hammarskjöld, wanda ke kai 'yan jarida New York su ɗauko rahoton babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ya ce, "Anti, wannan daga shekara 25 zuwa 35 ne, ki duba tukuna." Ya san Chevening digiri na biyu ne na shekara ɗaya a Birtaniya, ana son aikin da ya kai awa 2,800, wato kamar shekara biyu, za ka zaɓi kwas uku, kuma dole ka dawo gida ka yi shekara biyu bayan ka gama. Ya san shirin Humphrey na Amurka wata goma ne kuma sai mai shekara biyar a bakin aiki. Ga taron binciken ƙwaƙwaf da Jami'ar Wits ke shiryawa duk shekara a Johannesburg, shi ma yana kan allon. Na duba waɗannan a shafukan masu shirye-shiryen, ban kama shi da ƙarya ba.

Wani abin da na yaba, bai taɓa ce wa kowa yana da hanya ba. Da bakinsa yake faɗa cewa cike fom ɗin Chevening kyauta ne, kuɗin da yake karɓa na kwamfuta ne da lokacinsa. A garin da ake ta damfarar matasa da sunan biza, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kayan aiki kuwa babu laifi. Yana da sola, don haka ɗauke wuta ba ya katse mutum a tsakiyar fom. Intanet ɗin na da ƙarfi da safe, yakan yi nauyi bayan La'asar. Sikana tana fitar da takardar shaidar digiri tsaf, kuma ya iya rage nauyin fayil ya shiga ba tare da rubutun ya dushe ba. Akwai ɗan ɗaki a ciki mai farin bango da fitila don masu ganawa ta bidiyo, sai dai ƙarar babura na shigowa, ya kamata ya sa labule mai kauri ko ya gyara tagar.

Inda muka saɓa shi ne maganar rubutu. Chevening na neman mutum ya rubuta bayani kan shugabancin da ya taɓa yi, da yadda yake hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen kwas, da abin da zai yi in ya dawo. Mai shagon yana da tsofaffin rubuce-rubuce a kwamfutarsa, idan ka ƙara kuɗi sai ya canza suna da gari ya ba ka. Na ga na wasu abokan aikina biyu, sakin layin farko iri ɗaya ne sak, duka biyun suna maganar son kawo sauyi a Afirka. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ɗayansu ya yi shekaru yana zuwa Jibiya da Batsari yana hira da mutanen da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, ya san matan da suka kwana a makarantun firamare da 'ya'yansu, ya san manoman da suka bar gonakinsu. Ko kalma ɗaya ta wannan ba ta shiga rubutun ba. Masu tantancewa suna karanta dubban takardu, kuma dokarsu ta hana kwafe. Abin da ɗan jaridar Katsina yake da shi wanda na Legas ba shi da shi, shi ne aka cire aka sa na haya. Na faɗa wa mai shagon haka, ya ce, "Anti, su suke roƙo na, ba su da lokaci." Na yarda suna roƙo, amma ya fi kowa sanin cewa cutarsu yake yi.

Idan muna tunanin ɗan Arewa ba ya samu, mu tuna Amina Yuguda daga Yola, wadda ta ci kyautar Komla Dumor ta BBC a 2017 ta je Landan ta yi wata uku. Aikinta na gida ne ya kai ta.

Fassara ma ba ta yi mini ba. Yawancin shirye-shiryen nan suna son samfurin aiki da Turanci, mu kuwa muryoyinmu na Hausa ne. Mai shagon yana rubuta abin da ke cikin faifan daidai, amma Turancin na'ura yake ba wa, sai maganar dattijo ta fito a bushe. Ni na kai nawa wa wata malamar Turanci muka zauna tare muka gyara.

Shawarar da yake bayarwa kan abin da ke biyo baya tana da amfani: a sabunta fasfo tun kafin sakamako ya fito, a tanadi kuɗin motar Abuja, domin can ko Legas ake zuwa neman bizar Birtaniya da gwajin tarin fuka da ake nema ga wanda zai wuce wata shida. Wasiƙun shaida biyu kuma a nema da wuri, shugabanninmu ba sa sauri.

Wanda zai je ya rubuta bayaninsa a gida da hannunsa, ya tafi da takardunsa a filas, ya isa da safe. Lokacin rajistar JAMB wurin cika yake da ɗalibai har bakin titi, gara a kira shi a ajiye kujera.