Katin Hoton da Ya Dace da Mai Son Komawa Buɗaɗɗiyar Manhaja

Duk wanda ya ƙudurta raba kwamfutarsa da rufaffun manhajojin da ke zana tagogi a allo, ya koma kan buɗaɗɗu, waɗanda kowa zai iya duba rubutunsu ya gyara, wato X.Org ko Wayland masu zana tagogi a Linux tare da Mesa, tarin buɗaɗɗun direbobin hoto, zai tarar cewa katin hoton da ke cikin injin, wato na'urar da ke fitar da hoto zuwa allo, shi ne wuƙa da nama.  Tun da Ubuntu 25.10, wani nau'in Linux, ta bar GNOME, fuskar da mai aiki ke gani a allo, a kan Wayland kaɗai, zaɓen kati ya ƙara muhimmanci.

Ni dai katin kamfanin AMD nake saye, shi kuma nake ba mutane shawara. Tun 2007 kamfanin ya fara sakin takardun da ke bayyana yadda katunansa suke aiki, a 2015 kuma direban amdgpu, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya shiga cikin Linux 4.2, har ta kai Ubuntu 16.04 ta ajiye tsohon rufaffen direban fglrx gaba ɗaya. Amfanin wannan a hannu ake ganinsa: ka soka katin, ka kunna injin, tagogi su fito da cikakken girman allo ba tare da ka sauko da komai ba, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen data da kuɗinsa. Idan aka sabunta tsarin, direban yana tafiya tare da shi, kuma ko kati ya tsufa masu Mesa suna iya ci gaba da gyara shi tunda rubutun manhajar yana gabansu. Direban RADV, wanda Mesa ke da shi don katunan AMD, shi ne kamfanin Valve ya ɗora na'urar wasansa ta Steam Deck a kai, shi ya sa ake kula da shi sosai. Gaskiya ɗaya ita ce, ƙaramar manhajar da ake loda wa katin kansa har yanzu a rufe take.

Intel ma a buɗe yake, kuma ya ishi mai aikin ofis. NVIDIA kuwa rabin ƙofa ya buɗe a watan Mayun 2022: ɓangaren da ke cikin zuciyar Linux kawai, ga katunan Turing (jerin GTX 16 da RTX 20) zuwa sama, sauran direban na nan a kulle, su kuma GTX 900 da GTX 10 ba sa kai cikakken gudunsu a kan Nouveau, buɗaɗɗen direban katunan NVIDIA.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu, domin ya taɓa cina. Na sayi kati a wani shago cikin kwali mai sheƙi, an rubuta 4GB, kwamfuta ma ta nuna hakan, amma da aiki ya yi nauyi sai allon ya cika da ɗigo-ɗigo masu launi ya daskare. Da na kwance fankar na goge man da ke kan guntun, sai ga lambar wani tsohon kati, an sauya masa bayanan ciki ne kawai. Mai shagon ya ce an riga an buɗe, ba ya karɓa. Saboda haka kada sunan da allo ya nuna ya ruɗe ka. Idan ka ga kati da sunan GTX 1050 Ti yana ɗauke da shuɗin ramin VGA, ka ajiye shi, don na ainihi ba ya fitar da irin wannan sigina, sau da yawa tsohon GTS 450 ne aka sauya wa suna. A ɓangaren AMD kuma ka lura da RX 580 2048SP, wanda ƙwayoyin aikinsa 2048 ne kamar na RX 570, alhali cikakken RX 580 yana da 2304. Da yawa cikin na hannu sun sha haƙar kirifto dare da rana, don haka ka duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, ka saurari ƙarar fanka. Ka tafi shagon da filashi mai ɗauke da Linux, ka sa a gwada katin a gabanka da aiki mai nauyi na aƙalla rabin sa'a, a kuma rubuta maka sharaɗin mayarwa a kan rasit kafin ka miƙa kuɗi.