SWAP ko Restart, wanne ya fi ga mai karɓar Universal Credit a Ingila?

Jama'a, in kana karɓar Universal Credit, wato tallafin kuɗi na wata-wata da gwamnatin Birtaniya ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, kuma kana neman aiki, mai yiwuwa jami'inka na Jobcentre, wato ofishin gwamnati na masu neman aiki, ya kawo maka zancen ɗaya cikin shirye-shiryen nan biyu na taimaka wa mutane samun aiki.

SWAP gajere ne, iyakarsa sati 6. A ɗan koya maka aikin, a tura ka wurin mai ɗaukar ma'aikata na gaske, gini ne ko otal ko kula da tsofaffi, ƙarshe kuma a yi maka intabiyu ko a taimaka maka wajen neman gurbin. Albashi dai babu a lokacin, amma kuɗinka na wata ba ya tsayawa, kuma ana iya biya maka kuɗin mota da na renon yara in ka tambaya, don Allah ka tambaya, kar ka ji kunya.

Shi kuwa Restart da aka fara a 2021 na waɗanda suka daɗe ba aiki ne, kuma yakan kai wata 12, kamfanonin da gwamnati ta ba kwangila ne ke tafiyar da shi, kai ta zuwa ganawa ana gyara maka takardun neman aiki ana gwada ka intabiyu, kuma in ka ƙi zuwa ba dalili ana iya zaftare maka kuɗi. Wanda ya shekara a zaune har gwiwarsa ta yi sanyi, wallahi zai amfana.

Amma ni in da zaɓi SWAP zan ɗauka, don mai aikin da idonsa zai ga ƙoƙarinka. Sai dai kafin ka amince ka tambayi jami'in wane ɓangare ne zai zama dole a kanka.