Hattara da masu yawon neman "kwabo mai huji na 1936"

Jama'a, da yawun 'yan ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗi a nan Kano nake wannan rubutu. Ƙaramar ƙungiya ce, ba ofis ba allo. Asabar ɗin farko ta kowane wata mukan haɗu bayan la'asar a zauren wani dattijonmu da muke kira Baba, a shimfiɗa tabarma, kowa ya baje abin da ya samo, a yi musaya, a yi gardama a kan shekarar bugu, a sha shayi a watse. Cikinmu akwai malamin makaranta mai ritaya, akwai maƙerin azurfa, akwai ɗalibai biyu da ba su taɓa kashe kwabo a kanti ba amma sun fi mu haddace tarihinsa. Ba mu saba fitowa mu yi magana ba. Abin da ya fito da mu shi ne, mutum na uku ke nan tun bayan sallah da ya zo mana da labari iri ɗaya, kuma na ƙarshen nan ya tsaya mana a rai.

Wani bawan Allah ne mai sana'ar hatsi, ɗan wansa ya rako shi. Bayan gaisuwa sai ya zaro leda daga aljihun gaba, cikin ledar akwai gwangwani, cikin gwangwanin auduga, cikin audugar kwabo ɗaya fari mai huji a tsakiya. Ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Baba, don Allah a duba mini wannan." Baba ya ɗaga shi, ya juya, ya sa tabarau, bai ce uffan ba. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani tsohon kwanon sha, ya tona, ya jera guda bakwai a kan tabarma. Duk iri ɗaya da na baƙon, har shekarar. Mutumin nan ya daɗe yana kallonsu kafin ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Naira dubu 800 ya biya.

Ga yadda aka yi da shi, ku saurara da kyau don ba mutum ɗaya ke aikin ba. Na farko ya fara zuwa rumfarsa cikin shadda mai maiƙo, ya sayi kwano biyu na wake, ya bi su jam'in azahar, ya tafi. Ya sake dawowa, ya sake saye. A zuwa na uku ne ya nuna masa hoto a waya: kwabo mai huji da tauraro mai tsini shida, da 1936 a ƙasa. Ya ce shi yaron wani Bature ne da ke sayen irinsa naira miliyan 15 guda ɗaya, wai domin sarkin Ingila da aka buga da sunansa bai shekara a kan mulki ba, aka janye kuɗin aka narke, saura 'yan ƙalilan a hannun mutanen ƙauye da ba su san darajarsu ba. Ya ce, "Alhaji, kai da mutanen karkara ke zuwa wurinka, in ka ji mai shi ka kira ni, ba za ka yi nadama ba." Bai nemi ko sisi ba. Wannan shi ne ƙugiyar, domin wanda bai roƙe ka komai ba, da wuya ka zarge shi.

Bayan kamar kwana goma sai ga wani tsoho da 'yar yagaggiyar riga ya kawo gero kaɗan zai sayar. Yana kwance bakin tsumma zai adana kuɗinsa, kwabo ya faɗo ya gangara har ƙafar mai rumfa. Tsoho ya ce na gado ne, na kakansa. Mai hatsi ya zaga baya ya kira mai shadda, ya nuna masa ta bidiyo. Can aka yi ihu: "Shi ne, wallahi shi ne! Ina Abuja, gobe da safe za mu taso da Bature, kada ka bar shi ya fita da shi!" Shi kuwa tsoho ya kafe yau zai koma gida, aurar da 'ya ke gabansa, kuma wai wani a tasha ya riga ya yi masa tayi. Aka yi ta ja har aka tsaya a dubu 800, rabi a hannu, rabi aka cire wurin mai POS. Washegari layin mai shadda a kashe. Tsoho kuma ko sunan ƙauyensa babu wanda ya tambaya.

Abin da ya sa wannan damfara ke cin mutane masu hankali shi ne an cuɗa ta da gaskiya. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon sarauta a Janairun 1936, ya sauka a Disambar shekarar don ya auri wata Ba'amurkiya, Wallis Simpson. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hoton kansa ya shiga hannun jama'a ba, sai 'yan samfura da aka buga na gwaji, kuma su kam suna da tsadar gaske: a 2020 an sayar da ɗaya na zinariya fam miliyan ɗaya. Labarin wannan ne 'yan damfara ke buɗo maka a intanet su ce ka karanta da idonka. Amma namu na nan daban ne. Kwabonmu huji ne a tsakiyarsa, babu wurin sa hoton sarki, sai suna da kambi kawai, don haka ba a jira an zana kan kowa ba, aka buga shi miliyoyi aka yo jigilarsa zuwa Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, ƙasashe huɗun da hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 take yi wa kuɗi. Kwabo, ɗari (wato rabin kwabo), anini, duk an buga da sunansa. Babu wanda ya janye su don sarkin ya sauka. Iyayenmu sun sayi ƙosai da su. In ka sa ido sosai, a wasu za ka ga ɗan ƙaramin H ko KN, alamar masana'antu biyu ne na birnin Birmingham da suka yi aikin. A kasuwar masu tara kuɗi ta Turai, kwabon 1936 da ya sha hannu 'yan fama-famai ne kuɗinsa, a nan kuwa ka shiga Kurmi wajen masu tsakiya da kayan da, za ka iya tarar da irinsa a kwano tare da sauran. Akwai 'yan ƙalilan da ake nema saboda kuskuren bugu ko ƙarancin adadi, amma ko su ba maganar miliyoyin nan ba ce, kuma mai sayensu ba ya tura yaro rumfar hatsi.

Sai ƙarya ta biyu, wadda ta fi ba ni haushi. Sukan ce a cikin kwabon akwai "makuri", jar zaiba, wai da ita ake haɗa makamai, wasu ma su ce aljanu ake ba wa su kawo kuɗi. Tauraron nan mai tsini shida da rubutun Larabci da ke jiki suna taimaka musu, sai su ce hatimin Annabi Sulaimanu ne. Rubutun ba wani asiri ba ne, darajar kuɗin aka rubuta don mutanenmu masu karatun allo su gane: a jikin anini an rubuta ushurin kwabo, wato kashi ɗaya cikin goma. Kwabon kuwa gamin jan ƙarfe ne da nikel, dunƙulalle, ba ciki gare shi ba balle a zuba wani abu. Zaiba ta gaskiya ruwa-ruwa ce mai launin azurfa, ita ce masu haƙar zinariya ke amfani da ita, kuma guba ce. Jar zaiba mai yin abin al'ajabi babu ita a duniya. A 2009 wannan jita-jita ta sa mutane a Saudiyya rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer. Mu ma nan mun ga zamanin da ake bin gidaje neman dutsen guga na gawayi da agogon bango da tsohuwar rediyo. Tatsuniyar ɗaya ce, kayan kawai ake sauyawa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo mana kafin wannan, gwaji aka yi a gabansa: aka kusanta kwabo da ƙwayar shinkafa, shinkafa ta yi tsalle ta manne. Maƙerinmu ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya yi mana irinsa nan take da garin ƙarfe da ya cusa a ƙwayar da ɗan maganaɗisu a tsakanin yatsunsa. Kwabon Turawa na gaske ko maganaɗisu ba ya kama shi. Waɗanda yake kamawa su ne tsabar da Babban Banki ya fitar a 1991 da 2007, saboda baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi.

Akwai kuma masu zaune a Facebook da WhatsApp, su ba sa ma wahalar sa shadda. Za ka ga hoton sule ko fataka (wato sule biyu) ko kwabo 25 na 1973 mai dalar gyaɗa, an rubuta farashin da zai sa ka zazzage adakar kakarka. Ka tura hoton naka, su taya ka murna, su ce an amince. Daga nan sai kuɗin rajista. Ka biya, sai kuɗin takardar shaida. Ka biya, sai su turo maka hoton rasit na bogi wai kuɗinka sun maƙale, sai ka biya na kwastan ko na haraji. Kowane biya ƙarami ne in ka gwada shi da abin da aka yi maka alkawari, shi ya sa mutum ke ci gaba, yana ganin in ya tsaya ya yi asarar na baya. Ku tambayi kanku: tun da kuke zuwa kasuwa, wane mai sayen akuya ne ya taɓa cewa mai akuya ya fara ba shi kuɗi? Duk wanda ya ce zai sayi kayanka amma kai za ka fara biya, ko naira ɗari biyar ce, rufe wayarka.

Iyayenmu mata kuma, a kula da liyari. Babban kuɗin azurfan nan mai hoton mace da ake ratayawa a wuya, kusan duk wanda za ku gani 1780 ne a jikinsa. Ba yana nufin a shekarar aka buga shi ba. A shekarar ne sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta mutu, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a sauya ba, a Biyana da Landan da Rum da Bombai da wasu biranen, ɗaruruwan miliyoyi, har zamaninmu. Ta hamada fatake suka shigo mana da shi. A nan cutar ta kan zo ta fuska biyu: wani ya sayar maka da na dalma ko na farin ƙarfe a matsayin kayan shekara ɗari biyu, wani kuma ya zo gida ya ce wa tsohuwa nata jabu ne ya karɓe shi a banza. Na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa ta haura kashi 83 cikin ɗari, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma a gefensa akwai rubutu da ado. Darajarsa ta azurfar ce, don haka wurin maƙerin da kuka sani za ku kai a auna. Haka sulen da fatakar da aka buga daga 1913 zuwa 1919, masu bishiyar kwakwa, azurfa ce. Daga 1920 aka fara komawa tagulla.

Wata ɓarnar da wannan hauka ta jawo, mutane na goge tsofaffin kuɗinsu da toka da lemon tsami da yashi wai su yi ƙyalli kafin Bature ya zo. Wurin masu tarawa, kuɗin da aka kankare ya mutu. Duhun nan da shekaru suka sa masa shi ne adonsa. Mun ga taro, wato kwabo uku, mai kusurwa goma sha biyu na 1959, mai hoton auduga, an goge shi har rubutun ya shafe, ga shi da ma lafiyarsa ƙalau.

Idan abin ya riga ya faru da kai, kada kunya ta rufe maka baki. Da kunyar nan suke cin kasuwa, su gama da wannan layi su koma na gaba, kowa ya yi shiru kada a ce kwaɗayi ya ja shi. In ta banki ka tura, je bankinka a ranar da lambar asusun da ka tura wa, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ka adana duk saƙonnin da hotunan. Ka kuma gaya wa sarkin kasuwarku da maƙwabtan rumfarka, domin mai shaddan nan ba kai kaɗai ya nuna wa hoton ba. Mai son ganin kuɗin ƙasar nan na gaske tun daga wuri har naira, Babban Banki yana da gidan adana su a Abuja. Mu kuma duk wanda ya san ɗaya daga cikinmu ya kawo nasa a duba, muna da sikeli da madubin ƙara girma da littattafan farashi, ba ma karɓar ko anini. A kawo shi yadda yake, kada a wanke.

Da mai hatsi zai tafi, Baba ya naɗe masa kwabonsa cikin audugar ya miƙa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Baba, bar shi nan, in na gan shi a gida ba zan yi barci ba." Baba ya duba da madubi, ya samu 'yar takarda ya rubuta "1936, KN", ya ajiye shi kusa da sauran bakwai ɗin. Ɗan wan nasa kuwa ya tsaya tambayar mene ne ahu da nai a lissafin kuɗin da, har aka kira magariba bai tafi ba.